Bankwana daga Rumfar Gwaza

A kasuwar Nuku'alofa wata tsohuwa tana zaune bayan tulin gwaza, cikin baƙaƙen kaya, da tabarmar makoki ɗaure a ƙugu. Lesieli ake kiranta. Tana riƙe da waya hannu biyu, nesa da fuska, kamar kwanon miya mai zafi.

Yau ake binne ƙaninta Semisi a birnin Sidni, can ƙetaren teku. Ita ce babbar yaya, don haka ita ya kamata ta zauna wajen kan mamacin ta sallame shi. 'Ya'yansa ba su karya al'ada ba: sun kira ta ta bidiyo, sun jingina tasu wayar a wurin, a kan matashi.

Da alama ta daɗe tana shirya kalaman nan. Tana faɗinsu a hankali, tana ambaton iyayensu da gonar da suka noma tare, ido a bushe. A cikin wayar mutane suna ta kai da kawo. Can aka rufe akwatin.

Jikarta Kalolaine, mai rumfar kusa, ta leƙo.

"Kai, Kaka! Ashe tun ɗazu ke kaɗai kike ta wa'azinki? Ba ki danna nan kin buɗe murya ba, ba wanda ya ji ki."

"To danna mini."

"Ai an fita da shi."

"Danna, na ce."

Ta danna. Tsohuwar ta ƙarasa sauran kalaman ga kujerun da ba kowa a kai, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta kife wayar a kan gwaza.