Rabin Ƙwayar Auta

A gidanmu na Kawo dokar magani ɗaya ce: babba ƙwaya biyu, yaro rabi. Gwaggo, yayar Baba, ita ta kafa ta, ita ce kuma mai riƙon gwangwanin madarar da ake tara farasitamol a ciki. Ciwon kai, haƙori, zazzaɓi, duk hukuncinsu ke nan.

To ga magena. Tun tana 'yar mitsitsiya na tsinto ta a bayan tasha, gida kowa ya koma kiranta auta. Auta kuwa ai yarinya ce, ko?

Ranar na dawo daga lakca ina ta shewa an ɗage tes, sai na iske ta kwance gindin randa, ta ƙi abinci, miyau na dalala. Gwaggo na kan tabarma, har ta ɓalle ƙwaya da farce, tana murƙushe rabin a cokali da ɗan ruwa.

"Yauwa, zo riƙe min bakinta," in ji ta.

Ni kuwa yatsana ya riga ya hau waya. Kafin ta gama damawa na danna, na karanta. Ashe hantar mage ba ta iya sarrafa wannan maganin. Ɗan kaɗan ma sai ya ɓata mata jini, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara.

"Gwaggo, wannan fa guba ne a wajenta."

"Guba? Abin da na raine ku da shi, ke da ubanki? Ji min ja'ira! Rabi ne fa, ba biyu ba."

"Wallahi ko ɗigo ne kashe ta zai yi."

"Wayar ce ta gaya miki? To ta zo ta riƙe bakin."

Ta janyo auta ta matse ta a cinya. A gidanmu ba a fizge abu a hannun babba, ba a kuma zubar da magani. Sai na durƙusa, ladabi har ƙasa, na ce, "Kawo in taya ki."

Ta miƙo cokalin. Na shanye.

Cabɗi! Ɗaci har cikin kunne. Gwaggo ta saki salati. Mama ta leƙo daga kicin, ta koma da sauri tana ƙunshe dariya.

"Ai da sauran ɗaya rabin," in ji Gwaggo, tana lalube a tabarma.

Wuf na sure auta, na saka ta a kwalin taliya, na fece.

Mai keken da na tara Bakatsine ne, sai leƙen kwalin yake. "Hajiya, mage za a kai asibiti? Ita ma kati za a yanka mata?"

"Ja mu je, malam, babbar baƙuwa ka ɗauko."

Tambayar farko da likitan dabbobin ya yi min: "Kun ba ta wani abu a gida?"

"An so a ba ta farasitamol. Ni na sha mata."

Sai da ya ajiye tocila ya yi dariya. Ashe ƙayar kifi ce ta maƙale mata a dasashi. Ya zare ta, ya ce da cokalin nan ya shiga bakinta, da yanzu wani zancen ake.

Gwaggo ta yi fushi da ni har ta gaji. Har yau duk baƙuwar da ta zo sai ta ji labarin marar kunyar da ke shanye maganin mage. Ko a jikina. Auta na nan ta yi ɓulɓul, a ƙafar Gwaggon ma take barcin rana. In Gwaggo ta buɗe gwangwanin maganin, auta ta matso, sai ta ture ta da gwiwar hannu.

"Matsa can, kar uwarki ta zo ta shanye min."