Jan Ɗigo a Wayar Baba Kari

Shekararsa hamsin da takwas, talatin da ɗaya daga ciki a tsaye ya yi su gaban teburin guga. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yansa uku, maza biyu da ke fama da nasu gidajen, sai mace ɗaya, Auta. A gidan wankin da yake aiki, inda ake kawo zannuwan gado na otal da kayan ma'aikata, ba mai kiran sunansa na yanka. Baba Kari ake ce masa, domin in ya fitar wa wando kari, sai an wanke shi sau biyu kafin karin ya ɓace.

Auta kurma ce. Zazzaɓi mai zafi ne ya tafi da jinta tana 'yar shekara biyu. Kafin ta kai shiga makarantar kurame, ita da iyayenta sun riga sun ƙirƙiri yarensu na hannu a cikin gida. In ta shafa tafin hannunta da dunƙulen ɗayan, kamar mai guga, Baba take nufi. In ta kama leɓatun kunne, uwarta ke nan, saboda 'yan kunnenta. Yatsa biyu a kan maƙogwaro na nufin akwai magana, amma ba a gaban mutane ba. A makaranta ta koyi maganar hannu ta sosai, ta kuma koyi rubutu. Shi bai yi boko ba. Lambobin da ake liƙa wa kaya kawai yake iya karantawa. Yayyenta ba su wuce “zo”, “tafi” da “kin ci abinci” ba. Da uwar ta rasu, masu jin wannan yare a duniya suka koma su biyu.

Bara ta auri wani kafinta, shi ma kurma, wanda suka san juna tun a makaranta. Garin da suke zaune tafiyar kwana ɗaya da yini ce a mota. Ita da mijin ne suka haɗa suka saya wa Baba Kari waya kafin ta tafi, ta zaunar da shi kwana biyu tana nuna masa inda zai taɓa in ta kira shi ta bidiyo. Rasit da katin garanti na wata goma sha biyu ta saka su a leda, ta cusa a cikin kwalin, ta nuna masa da hannu cewa kada ya kuskura ya yar.

Maganar hannu tana buƙatar hannu biyu, kuma a gidan wanki ba a jin ƙarar waya saboda rugugin injuna. Don haka ya samar mata wuri a kan ɗan katakon da ke saman teburinsa, daidai idonsa, ya jingine ta da gwangwanin sitati. In ta yi haske zai gani. Ƙarfe ɗaya na rana, lokacin hutu, Auta kan kira. Sai ya ajiye dutsen guga, ya goge hannuwansa, su yi hira ta minti ashirin ba tare da an ji ko tari ba. A nan ta gaya masa tana da ciki, kafin ta gaya wa kowa.

Dogo, wanda ke kula da injunan wanki, yakan tsaya yana kallonsu. “Tsoho, ni fa na san gulmata kuke yi. Duk sanda ta ɗaga hannu sama, ni ne.”

“Kai ne mana. Akwai wani mai tsawon banza a nan in ba kai ba?”

A wata na bakwai da sayen wayar, kyamarar gaba ta fara hazo. Auta ta riƙa nuna masa ya goge gilashin, ya goge har da gefen rigarsa, bai canja ba. Cikin mako guda ta mutu. Yana ganin Auta sarai, ita kuwa baƙi kawai take gani. Dogo ne ya yi dabarar madubi: aka ciro na banɗakin ma'aikata, aka jingine shi a bango, aka juya kiran zuwa kyamarar baya ta fuskanci madubin. Auta ta ga babanta a ciki, rabin fuskarsa a ɓoye bayan wayar, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Kwana tara dabarar ta yi. Ran na goma kyamarar baya ma ta ɗauke.

Ya ɗauki kwalin ya tafi shagon da aka sayi wayar. Mai shagon bai ko buɗe ledar ba.

“Baba, mu sayarwa ce tamu. Gyara sai ofishin kamfani. Ai kana da garanti, kwantar da hankalinka, sabuwa ma za su iya ba ka.”

Ofishin yana hawa na biyu a wani gini da ke tsakiyar gari, mota biyu daga gidan wankin. Ana ciro lamba a bakin ƙofa, a zauna a kujerun roba a jira ta fito a allo. Zuwan farko, lamba sittin da huɗu ya samu, aka tashi a hamsin da ɗaya. Ya dawo washegari da sassafe, bayan ya roƙi manaja rabin yini. Ma'aikaciyar da ke kan kanta yarinya ce mai fara'a, sa'ar Auta. Ta duba rasit, ta duba lambar jikin kwali, ta juya wayar gaba da baya.

“Ta taɓa faɗuwa, Baba?”

“Ko sau ɗaya.”

“Ta shiga ruwa?”

“'Yata, ko ruwan sama aka fara, ita nake fara rufewa kafin kaina.”

“An taɓa buɗe ta a wajen masu gyara?”

“Ba wanda ya taɓa ta.”

Ta rubuta, ta ba shi takarda ya dangwala hannu, ta ce ya cire layinsa, ya dawo bayan mako biyu. Ya tambaya ko akwai wadda za su ara masa kafin nan. Ta ce ba sa yi. Ya fara yi mata bayanin Auta, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah sarki, sannan ta danna lamba ta gaba.

Layin ya koma tsohuwar ƙaramar wayar matarsa mai maɓallai. Kiran bidiyo kuma ya koma wayar Dogo, in ba ya amfani da ita. Dogo ba ya rowa, amma shi ke riƙe wayar, kuma masu ninkin kaya sukan leƙo su ɗaga wa Auta hannu. Ita ma ta ɗaga musu, ta tambayi lafiyar kowa. Sau biyu ta ɗora yatsa biyu a maƙogwaro. Ya nuna mata ta yi haƙuri, saura kwana kaɗan.

Ran kwana na goma sha ɗaya da barin wayar a ofishin, Auta ba ta kira ba. Washegari da hantsi saƙon rubutu ya shigo ƙaramar wayar. Ya miƙa wa Dogo, kamar yadda ya saba da kowane saƙo. Dogo ya ɗaga murya don ta fi ta injuna, ya fara karantawa da irin muryar wasan da yake karanta tallar kamfanin waya. “Baba, ina asibiti. Kwana biyar ban ji motsinsa ba, na so in gaya maka.” A nan ya sassauta, amma ya riga ya shiga jimla ta gaba, kuma masu ninki sun riga sun tsaya. Namiji ne, bai zo da rai ba.

Manaja ya ba shi kwana huɗu. Uku sun tafi a hanya. Yinin da ya yi a can, ɗakin cike yake da dangin mijin da maƙwabta, Auta na kwance fuskarta a bango. Sai da zai fita neman mota ta kama hannun rigarsa, ta tambaye shi yaushe wayar za ta dawo. Ya ɗaga mata yatsu uku, wato kwana uku.

Da ya koma ofishin, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, fara'arta ta ragu. Ta ce ya ɗan jira, injiniya zai fito. Injiniyan ya fito da wayar a cikin tire, bayanta a buɗe, ya haska wani lungu da ƙaramar tocila. Wani ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba.

“Ka ga wannan, Baba? Daga kamfani fari yake zuwa. In ruwa ya taɓa shi sai ya koma ja. Naka ja ne. Garanti ba ya ɗaukar lalacewar ruwa.”

“Ba ta shiga ruwa ba, ɗana.”

“Kowa haka yake cewa.”

“Ni ba kowa ba ne. Ni ne nake riƙe da ita.”

Injiniyan ya dube shi, ya dubi hannuwansa masu tabon ƙuna. “Wane aiki kake yi?”

“Guga.”

“Da dutse mai tururi?”

“Shi ake yi da shi yanzu.”

“A ina kake ajiye ta in kana aiki?”

Ya kwatanta masa katakon, da gwangwanin sitati, da tazarar da ke tsakaninsu da teburin, wadda ba ta wuce kamu biyu ba. Injiniyan ya kashe tocilar.

“To ai shi ke nan. Tururi ruwa ne, Baba. Wata bakwai tana shan sa kullum.”

“Ba wanda ya gaya mini.”

“Yana cikin takardar.”

Gaskiya ne, yana ciki, a shafi na uku, da rubutun da ko Dogo sai da ya matso da shi kusa da hanci. Za su iya canja allon cikin wayar gaba ɗaya in zai biya, sai dai abin da suka faɗa ya kusa kuɗin sabuwa, kuma sabuwar ta fi ƙarfin albashinsa na wata uku. Ya nemi ganin shugaban ofishin, aka ce yana taro. Ya sake dawowa sau biyu. A na biyun shugaban ya fito, ya gaishe shi da hannu biyu, ya ce shi ma yana da 'ya mace, amma hoton ɗigon ya riga ya shiga kwamfuta kuma ba shi da ikon goge shi. Aka mayar da murfin, aka ba shi wata takardar ya dangwala, cewa ya karɓi kayansa yadda ya kawo su.

Yanzu wata biyu ke nan. Ya daina ɗora wayar a kan katakon. Tana cikin leda, a aljihun rigarsa da ke rataye a waje, ƙarfe ɗaya saura kaɗan sai ya fita ya zauna a kan matakalar baya. Auta ta san ba za ta gan shi ba. Ta ƙi komawa wayar Dogo, shi ma bai matsa ba. Takan kira, ta zauna a bakin gado, ta fara da tambayar ko yana nan. Abu ɗaya ya koya, yadda ake tura hoton babban yatsa, sai ya tura mata. Daga nan ta yi ta magana. Ta gaya masa ba ta barci. Ta gaya masa mijin ya harhaɗa ɗan gadon jariri tun cikin yana wata biyar, kuma har yau ba wanda ya iya fitar da shi daga ɗakin. Ta tambaye shi ko da ta faɗa tun ranar farko da an ceci yaron. Ta jira. Ba shi da abin turawa sai babban yatsa, bai tura ba. Ta daɗe tana kallon baƙin gilashin, sannan ta kashe.

Da can kullum take kira. Sai kiran ya koma bayan kwana bibbiyu. Makon jiya sau biyu ta kira, kuma na biyun bai kai minti uku ba.

Yayyenta sun ce za su haɗa su saya masa wata in abubuwa sun yi sauƙi. Dogo kuwa ya raka shi wajen wani mai gyara da ke da ɗan teburi a ƙarƙashin matakalar kasuwar waya. Mai gyaran ya buɗe, ya duba da gilashin ƙara girma, ya tsotsi haƙori.

“Tsatsa ta ci hanyar kyamarorin duka biyu. Zan iya gasa wurin in gwada. In an dace, ta gan ka. In ba a dace ba, zafin zai iya kashe allon gaba ɗaya, kai ma ka daina ganinta.”

“Wanne ya fi yawa?”

“Baba, in na ce na sani na yi maka ƙarya. Rabi da rabi.”

Ya ce zai yi tunani. Sau uku yana komawa. Mai gyaran har ya saba, in ya hango shi sai ya janyo masa benci ya ce, “Yau dai an yanke shawara, ko zaman majalisa za a ci gaba?”

Ranar Talatar nan ya sake zuwa da hutun rana, ya ce a yi. Mai gyaran ya kunna na'urar zafi, ya jera ƙananan sukurdirebobinsa, ya miƙa hannu zai kashe wayar. Sai ta yi haske. Baba Kari ya karɓe ta, ya juya wa kasuwar baya, ya amsa. Auta ba ta tambayi ko yana nan ba. Ta zauna kawai, hannuwanta a kan cinya, tana kallon inda fuskarsa ya kamata ta kasance. Minti huɗu suka yi a haka.

Da ta kashe, mai gyaran ya sake miƙo hannu. Baba Kari ya mayar da wayar cikin ledarta, ya saka a aljihu, ya ce masa a bari tukuna. Ya tari mota ya koma bakin aiki, inda zannuwa arba'in ke jiransa.