Farar Fitila a Kwarin Ɗorawa

Duk wanda ke bin hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ya san Wada direba, in ma bai san fuskarsa ba, to ya san motarsa. Haifaffen Ƙofa ne ta ƙasar Bebeji, tuƙi ne ya kawo shi Tudun Wada tun yana saurayi, ya auri Dije ya kafa gida. Shekara ashirin da shida yana jan a-kori-kura guda ɗaya tal. Masara, rake, awaki ranar kasuwar Kafin Maiyaki, kayan ɗakin amarya, kai har gawa, babu abin da bayan motar nan bai ɗauka ba. Matan da ya shimfiɗa wa katifa a baya ya kai asibiti suna naƙuda kuwa, shi kansa ya daina ƙirga su.

Motar tana da alama biyu da ba a ɓata ta da su. Salansarta ta fashe tun tuni, tana ƙara kamar injin niƙa. Fitilarta ta hagu ta mutu, ta dama kuma ja-ja-ja, da ƙyar take haska gaban taya. Shi ya sa mutanen ƙauye suke ce mata Mai Ido Ɗaya. In suka hango ido ɗaya yana tangaɗi cikin duhu, ga rugugi na biye da shi, sai kowa ya ci gaba da cin tuwonsa, an san Wada ne.

Mutumin kirki ne, wannan ban ja ba. Amma zurfin ciki da taurin kai, kai, Allah ya kyauta! Wada ba ya faɗin abin da zai yi sai ya gama, in ya gama ma sai dai ka gani da idonka. Ga shi da alkunya irin ta mutanen da. 'Yarsa ta fari, Muhsina, tun da aka raɗa mata suna ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa. "Yarinyar nan" yake cewa, ya kau da kai. Alhali duk cikin 'ya'yansa babu wadda ta kai ta a ransa, kowa a gidan ya sani.

An aurar da ita ga Mas'ud, wani manomi a Kwarin Ɗorawa, ƙauye ne can ƙasar Doguwa a bakin daji. Da ciki ya tsufa ta zo awo Tudun Wada, ma'aikaciyar asibiti ta ja Dije gefe ta ce mata ɗan a gicciye yake. Kar a kuskura a bar ta ta haihu a gida, da naƙuda ta taso a kawo ta, in aka yi jinkiri ana iya rasa uwa da ɗa. Dije ta dawo ta faɗa wa Wada tana share ido. Ya fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon bayan a-kori-kurar, inda ƙarfe ya cinye har ana hango ƙasa.

Sati bai zagayo ba ya sayar da ita, ya haɗa da gonar gadonsa ta Ƙofa, ya tafi Kano ya dawo da jif baƙa wuluk, 'yar Kwatano.

Dije ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, wannan fa?"

"Mota ce."

"Na ga mota ce. Ina za ka sa buhun masara?"

Ya buɗe mata ƙofar baya, ya kwantar da kujerun, ya shafa wurin da tafin hannu. Dije ta gane wurin kwantar da Muhsina yake nuna mata. Ya ce kar ta faɗa wa kowa a Kwarin Ɗorawa, so yake su gan ta kwatsam.

To, da a nan ya tsaya da an huta. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana lalube da ido ɗaya, ranar da ya samu dama sai haske ya zame masa ciwo. Ya kai motar shagon Surajo mai wayarin, ya samu benci ya zauna, kullum da sabon tsari. A cire ƙwayayen fitilar da ta zo da su a sa farare. A ƙara biyu ƙanana a ƙasa saboda ramuka. A ɗaura doguwar fitilar nan a saman rufi. A sa tayoyi masu tsayi don taɓon damina, a liƙa baƙin gilashi don kar a riƙa leƙen mace in tana kwance a ciki.

Surajo ya juya doguwar fitilar a hannu ya ce, "Baba Wada, wannan fa ba ta ƙauye ba ce. In mutanen bakin daji suka hango irinta, gabansu faɗuwa zai yi."

"Ni ne fa, Wada. Wa bai san ni ba?"

"Sun san Mai Ido Ɗaya dai, Baba."

"Kai dai ɗaura, ka cika surutu."

Surajo bai faɗi banza ba. A daminar nan zancen masu satar mutane ya cika ƙauyukan bakin daji. Ana cewa da baƙar mota suke zuwa, ba ta ƙara, fitilarta fara sol. Ba kowa ya gani ba, amma kowa ya ji. Mutanen Kwarin Ɗorawa sai suka yi wa kansu doka. Sun rataye ƙarfen taya a bishiyar bakin gari, da magariba ta yi mutum ɗaya yana zaune a gindinta. In ya hango baƙuwar fitila ya buga ƙarfen, kowa ya kashe wayarsa, ya bar duk abin da yake yi, ya faɗa cikin masara. Kuma ba a amsa kira sai gari ya waye, ko da muryar uwarka ce, don an ce mutanen nan kan kama na gida su sa masa bindiga ya riƙa kiran sunaye. Wada ya san dokar sarai. Shi ne ma ya ba su ƙarfen, daga cikin tsofaffin tayoyinsa. Sai dai bai taɓa kawo wa ransa cewa za a buga shi dominsa ba.

Dije kuwa ta hana shi sakat. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, tuni ya kamata a ɗauko yarinya goyon ciki.

"Malam, watanta fa ya kama. Ka je ka ɗauko ta, ko da motar haya ce."

"Ni da motata in ɗauko ta a ta haya? Surajo ya ce Alhamis."

Alhamis ta zo, doguwar fitila ta ƙone wata waya. Aka ce Asabar. Asabar ta zo, mai tayoyi bai kawo ba. Dije ta daina magana, sai dai in ya shigo ta bi shi da ido, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. A daren Lahadi ta ce masa jikinta yana ba ta wani abu, ya ce ta yi addu'a ta kwanta.

Ranar Litinin, rana na shirin faɗuwa, yana kan bencin Surajo wayarsa ta yi ƙara. Mas'ud ne, yana haki, ya hau dutsen bayan gari inda ake samun sabis.

"Baba, ta fara tun azahar. Inna Baturiya ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Akwai jini, Baba."

"Ga ni nan," in ji Wada. Ya buɗe baki zai faɗa masa da sabuwar mota zai zo, sabis ya ɗauke. Ya kira sau uku bai shiga ba.

Surajo ya yi maza ya ɗaure wayar ƙarshe. Wada ya yi magariba a gurguje, bai ko koma gida ya ɗauki Dije ba, ya hau titi. Wallahi motar ta yi abin da aka saye ta dominsa. Tafiyar da Mai Ido Ɗaya take yi a awa biyu, har da tsayawa a zuba mata ruwa, wannan ta cinye ta kafin a kira isha'i. Da ya saki kwalta ya shiga hanyar ƙasa sai ya kunna fitilun gaba ɗaya, na sama da na ƙasa. Daji ya yi fari fat, har jijiyar ganye yana gani. Duk da tashin hankalin da yake ciki, sai da ya ji daɗin hasken nan a ransa.

Gilashi a rufe, inji ba ƙara, bai ji ƙarfen ba. Ya dai hango shi yana lilo a jikin bishiya, ga tabarma a ƙasa ba kowa a kai.

Ya tsaya a ƙofar gidan su Mas'ud ya diro. Gari tsit. Tukunya na tafasa a kan murhu, ga buta a kife a bakin masallaci, takalma a warwatse. Ya yi sallama, babu amsa. Ya kutsa har ɗakin 'yarsa, wanda bai taɓa taka ƙofarsa ba. Tabarma a shimfiɗe, zani a jiƙe da jini, kwanon ruwan zafi yana tururi. Daga bakin ƙofa ɗigon jini ya bi ta bayan danga ya shige masara. Sun ɗauke ta sun gudu da ita.

Allah sarki, hankalin mutum in ya tashi ba ya shawara. Wada ya koma mota da gudu ya juya hancinta wajen gonakin, ya haske su, yana danna hon. Masara ta fi tsayin mutum, ba ya ganin kowa, sai dai can nesa ya ga kawunanta suna kaɗawa, motsin yana ƙara nisa. Ya matsa da motar gaba, motsin ya ƙara nisa.

"Mas'ud! Ni ne, Wada! Inna Baturiya! Ku fito da ita!"

Shiru. Ya hau kan motar ya tsaya, ya haɗa hannu biyu a baki, sai ya ji sunan ya fito da kansa.

"Muhsina! Muhsina!"

Bai rufe baki ba ya gane kuskuren da ya yi. Sun ji muryarsa, sun kuma gane ta, a nan matsalar take. Suna jiran ido ɗaya da rugugi bayan isha'i, sai ga baƙar mota tun kafin lokaci. Kuma duk Kwarin Ɗorawa an san Wada ba ya kama sunan 'yar farinsa. In har yau ya kama shi da ƙarfi a bainar jama'a, to a wurinsu bakin bindiga ne a ƙeyarsa. Da bakinsa ya tabbatar musu da abin da suke tsoro.

Ya sauko a hankali ya kashe fitilun ɗaya bayan ɗaya, ya kashe inji. Duhu ya rufe shi ruf, idonsa da ya sha farin haske ba ya ganin ko tafin hannunsa. Ya laluba ya tsaya a bakin gonar. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, da nadama mai ɗaci, yana ta maimaita innalillahi a zuci.

Ya daɗe a tsaye, sauro na cizonsa bai kore su ba. Can, daga tsakiyar masara, ya ji wani siririn kuka, kukan jariri sabon haihuwa. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta za ta shiga, karan masara ɗaya ya karye a ƙarƙashinta. Nan take kukan ya yanke, yadda kuka ke yankewa in an ɗora tafin hannu a kan baki.

Wada ya janye ƙafar. Ya san in ya ƙara taku ɗaya, ko ya ƙara kira ɗaya, hannun nan ƙara dannawa zai yi. Muryar uwar kuwa bai ji ta ba sam. Ya durƙusa a cikin taɓo, ya toshe bakinsa da hannu biyu don kar nasa kukan ya fita, yana saurare ko za a ɗaga hannun.