Shayi Biyar a Wangsa Maju

Ina mamak, wato gidan shayi irin na nan ƙasar waje, tun la'asar, ina jan shayi ɗaya kamar na sayi teburin. Gabana wani ɗan Arewa ne, furfura na leƙowa ƙarƙashin hula, katin jami'a rataye a wuya. Ya ƙura wa talabijin ido ana hoki, wasan da na rantse bai san gabansa da bayansa ba.

Yana waya: "Maman Ummu, ni ke kan gaba a gasar canka ta 'yan ofis, daga yau sai wasan ƙarshe. Masu koriyar riga kawai nake zaɓa, kalar gida. Yanzu za su zo mu kalla tare."

Ya sa an jera shayi biyar. Kowa ya shigo sai ya ɗan miƙe, ya gyara hula, ya koma.

Ina jin ba nasarar ce ta dame shi ba. So yake a ƙasar nan wani ya zauna teburinsa, ko sau ɗaya.

Masu koriyar sun ci. Ya ɗaga hannu zai tafa, ya waiga, sai ni.

Mai kawo shayi ya ce, "Tapau, bos? In ƙulle a leda?"

"Bar su," in ji shi. "Suna hanya."