Kwalbar da Ba Ta Bushe Ba

Ranar Talata, tara ga Agusta 1994, Allah Ya karɓi ran Malam Ndagi a gidansa na unguwar Kpakungu, bayan shekara biyu yana fama da ciwon ƙirji.

Malam, ni ce Rose, abokiyar aikinka a ɗakin gwaji. Tare muka yi shekara shida muna tace sinadarin da ake yin zaren gilashi mai ɗaukar haske da shi. Kai ka koya mini yadda ake dafa shi ya zama tururi, a sanyaya, a sake, har sau bakwai. Ka ce ɗigon tsatsa ɗaya ya isa ya kashe haske a cikin zaren. Ba ka barin mai zobe ya taɓa kwalabenka, amma gyaɗar da ke aljihunka ta kowa ce.

Dokarka ɗaya ce: kowace kwalba sai ta kwana a murhun lantarki ta bushe ƙayau, domin sinadarin nan in ya haɗu da laima, farin hayaƙi yake yi mai cin huhu.

Ran nan da damina aka ɗauke wuta, murhu ya huce, na kuwa sani. Ka tambaye ni, "Rose, ta bushe?" Na ce ta bushe. Da ka zuba, hayaƙi ya turnuƙe. Ka hankaɗa ni waje, kai ka tsaya ka rufe tulun sinadarin. Daga ranar tari bai sake ka ba. Ba ka taɓa tuhumata ba, ni kuma tsoro ya ɗaure mini baki.

Kwalbar ƙarshe da ka tace, ka narka wuyanta ka liƙe, tana kan kantar ɗakin gwaji shekara biyu, ruwanta garau. Washegarin jana'izarka na tarar da farin hazo a cikinta, yana juyawa a hankali. Silas, mai hura mana gilashi, ya dudduba, bai ga tsaga ba. Wallahi duk safiya in na shigo, hazon yakan taru a gefen da nake tsaye.

Ba ta bushe ba, Malam. Ƙarya na yi maka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna. Mama Rekiya, uwargidan Malam, Allah Ya ba ki haƙuri ke da yara. Gobe zan zo in durƙusa in faɗa miki wannan da bakina, tunda mai yafe mini ya riga ya tafi.