Titin Da Ya Miƙe Har Daji

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya baro Gidan Goga da matarsa da shanun huɗa biyu, bayan masu babura sun shigar musu gari karo na ban san nawa ba. Na sauke su a ɗakin da ke jikin zaurena a Talata Mafara. Mutum ne da bai iya zaman gidan wani ba. Shekara biyu yana cin tuwona kamar ana ɗura masa magani.

Da aka ji wani Alhaji, dillalin shanu, zai yanka gonarsa ta bayan gari fuloti-fuloti, Kawu ya sayar da shanun nan biyu, na raka shi. Alhaji ya shimfiɗa mana taswira a kan tabarma. Kawu bai yi boko ba, amma ya san abin da ya kawo shi. Bai tambayi faɗi ba, bai tambayi ko ruwa na kwanciya a wurin ba. Ya ce a nuna masa gari, aka nuna. Ya ce a nuna masa daji, aka nuna. Sai ya ɗora yatsa a tsakiya, inda lungu ya karya sau biyu kafin a kai.

"Nan nika so," in ji shi. "Duk wanda zai iske ni, sai ya wuce ƙofar mutum goma."

Aka ba shi takarda mai lamba. Alhaji ya ce kada a sa tubali ko ɗaya sai kwamitin tsara gari ya duba taswirar ya sa hannu. Wata uku muna jira, Kawu na buga tubalinsa a bayan gidana, yana jera shi a rana.

Taswirar da ta dawo ba ita ce ta tafi ba. Lungunan nan duk an share su. An zana titi ɗaya mai faɗi, ya taso daga kwalta, ya ratsa unguwar ɗoɗar, bai tsaya ba sai a bakin daji. An kuma sake jera lambobi, lambar Kawu ta faɗa can ƙarshe, gida na farko ga duk wanda ya fito daga dajin.

Ni dai na san halina. Uwargidana takan ce ko ruwa aka ba ni sai na leƙa gindin moɗa. To amma ruwa ba ya tsami banza. Me titi mai faɗin nan zai je yi a daji? Na shiga tambaya. Wasu suka ce gonar da ke gaba ta surukin Alhaji ce, idan titi ya kai mata ta zama kuɗi. Wasu suka rage murya suka ce ta wani ce a cikin kwamitin. Ba wanda ya yarda ya maimaita a gaban mutum na biyu. Na je wurin Alhaji, tun ban gama gaisuwa ba ya fara rantsuwa, wai shi ma titin ya cinye masa fuloti huɗu. Rantsuwar da ta riga tambaya ba ta taɓa kwanta mini ba.

Ranar da kwamitin zai yi zaman ƙarshe muka je da hantsi, ni da Kawu. Mutum biyar ne a bayan tebur, taswirar a gabansu an danne ta da kofin shayi. Shugabansu, dattijo mai furfura, ya yi mana bayani a tsanake: unguwa sai da hanyar da motar kashe gobara za ta shiga, da ta asibiti idan haihuwa ta zo da gardama, da lambatu kafin damina. Haushin da na ji shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Kawu ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, hanyar da motar asibiti ka bi, ita babur ka bi. Mu da munka gani da idonmu, lungu ne ya fisshe mu. Waɗanda anka fara ɗauka, na bakin hanya ne."

Dattijon ya sunkuyar da kai, har yau ban sani ba ko tausayi ne ko kunya. Ya ce nan cikin gari ne, Allah zai tsare, kuma ƙa'ida ba ta hannunsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, titi na ƙa'ida ne, mun ji. Lambar fa? Wa ya ɗauke tsohon nan daga tsakiya?"

Wani daga gefe ya ce da aka rushe lunguna dole aka sake ƙirga daga kwalta. Na tambaya, wa tsakiyar ta faɗa wa yanzu? Aka dubi juna.

"Malam," in ji shugaban, "zato zunubi ne."

"Ko da ya zama gaskiya," na ƙarasa masa.

Kawu ya ja mini gefen riga. Suka sa hannu a gabanmu, ɗaya bayan ɗaya, da biro ɗaya.

Bayan mako biyu katafila ta share titin, muka je ganin fulotin. Fili ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba, har ya fi na da faɗi. Kawu bai ko taka shi ba. Ya tsaya a tsakiyar titin, ya juya wa gari baya, ya daɗe yana duban inda jar ƙasar ta shige cikin sabara. Na ce mu nemi wanda zai yi musaya da mu. Ya ce wa zai karɓa, in ba wanda bai sani ba, shi kuwa ba zai sa ɗan wani a nan ba. Na ce to su ci gaba da zama a wurina har abada, ɗakin nasu ne.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Amma in dai bakin daji zan kwana, gara dajin ubana."

Na yi faɗa, na yi magiya, na turo masa limamin unguwa. Ruwan farko na sauka suka hau motar Maradun, shi da matarsa, suka koma Gidan Goga. Kullum da safe nakan kira shi a waya kafin in karya. Duk ranar da wayar ba ta shiga ba, kokon da aka kawo mini haka ake ɗauke shi ban taɓa ba.