Shunin da Mainassara Ya Goge

Mainassara ɗan maƙera ne, haifaffen Yekuwa. Hauya da lauje da ruwan gatari ubansa ke ƙerawa, shi ma da su ya buɗe ido. Yana sabon magidanci Faransawa suka zo neman ƙarti don aikin hanya, aka tafi da shi ba da son ransa ba. Wata rana kamiyo, wato babbar motar da ke kwaso musu tsakuwa, ta karya wani ƙarfe a tsakiyar daji, makanikin ya tambaya ko akwai maƙeri cikin ma'aikata. Mainassara ya haɗa wuta da gawayi, ya ƙera ƙarfen da ido kawai, aka ɗaura, mota ta tashi. Daga ranar bai sake ɗaukar kwandon ƙasa ba, yana gindin mota.

Lokacin da gyaɗa ta yi daraja, motoci suka cika Magarya, Mainassara ne babban makaniki a garajin Alhaji Sule, wani attajiri mutumin Dungas mai kamiyo biyar. Akwai aiki ɗaya da duk ƙasar ba mai yin sa sai shi. Idan injin mota ya yi zafi fiye da kima, gangar jikinsa takan ɗan karkace, ramukan da babbar sandar injin ke kwanciya a ciki su daina zama kan layi ɗaya. Wasu sukan yar da irin wannan injin. Mainassara kuwa sai ya dama shuni da mai, ya shafa wa sandar, ya kwantar da ita cikin ramukan, ya juya a hankali. Duk inda shuni ya kama, nan ne ƙarfe ya yi tudu. Sai ya ɗauko makankarin da ya ƙera daga tsohon magagari, ya kankare wurin kaɗan, ya sake shafawa, ya sake juyawa. Kwana uku, wani lokaci huɗu, har shunin ya kama ko'ina bai ɗaya. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar Faransawa, bai san lambar boko ko ɗaya ba. Babban yatsansa shi ne ma'auninsa, kuma direbobi sun yarda da wannan yatsa.

A shekarar 1957, bayan an gama kwasar gyaɗa, Alhaji Sule ya same shi a garaji da hantsi.

"Mainassara, akwai wani Bafaranshe mai garaji a Damagaram, zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa. An ce yana da injin da ke yin wannan aikin naka na ramuka. Ina so mu je ka duba mini shi. In ka ce a ɗauko, a ɗauko. In ka ce a bari, shi ke nan."

"To, Alhaji. Amma ba a sanin doki sai an hau. Mu tafi da gangar injin jar motar nan da ta mutu, a gwada a gabanmu."

Suka ɗora ta a mota, suka isa Damagaram kafin azahar.

Injin Bafaranshen yana cikin wata rumfar kwano, tsawonsa ya kai raƙumi a kwance. Gado ne na baƙin ƙarfe, a kansa ake ɗaure gangar injin mota, sai wata doguwar sanda mai ƴan wuƙaƙe a jikinta ta ratsa ramukan a kwance, tana juyawa tana aske su. A gefe akwai wasu faya-fayai masu lambobi. Mai aiki da shi wani Babarbare ne mutumin Gure, sunansa Ajimi, siriri, mai yawan fara'a. Shekara shida yana kan injin, kuma an shirya in Alhaji ya saya, Ajimi zai biyo shi Magarya.

"Na daɗe ina jin labarinka wajen direbobi, Malam," in ji Ajimi, Hausarsa da ɗan gargadar Barebari. "Matata ma dangin uwarta a Dungas suke, nan kusa da ku. Tun da ta ji zancen nan ta fara ɗaure kaya."

Mainassara ya yi dubawa ta gaskiya. Ya kama sandar da hannu biyu ya girgiza, bai ji ta motsa ba. Ya bi gadon da farce daga wannan kai zuwa wancan, bai ji inda ya cinye ba. Ya lakato man da ke ciki ya murza ko zai ji garin ƙarfe, babu. Ya sa aka tada injin, ya kafa wani ƙarfe a jikinsa, ɗaya kan a kunnensa, ya saurara, sai gunji mai laushi kawai. Ya tambaya ko injin wutar Alhaji zai iya jan sa, Ajimi ya ce zai ja. Ya tambaya wa zai wasa wuƙaƙen in sun dakushe, Ajimi ya ce da dutse yake wasa su da kansa.

Sannan aka ɗaure gangar jar motar. Ajimi ya yi aune-aune, ya murɗa faya-fayan, ya ja wani hannu, ya koma gefe ya harɗe hannuwa. Sandar ta riƙa shiga da kanta, garin ƙarfe na zuba kamar tsaki. Da ta kai inda aka saita mata, sai ta tsaya ita kaɗai. Ba a kira la'asar ba aka gama.

"Lambobin nan ba su da wuya, Malam," Ajimi ya ce masa a hankali. "Wata guda ya ishe ka, ni zan nuna maka."

Mainassara ya buɗe jakarsa don ɗauko shuni, makankarinsa ya faɗo ƙasa. Bafaranshen ya tsince shi, ya jujjuya, ya faɗi wata magana da Faransanci yana dariya. Ajimi ya yi kamar bai ji ba, amma Alhaji ya matsa sai an fassara masa.

"Cewa ya yi, daga yau sai a mayar da wannan wajen mata su riƙa kankare ƙanzo."

Alhaji ya yi dariya, ba da wata manufa ba, irin dariyar ciniki. Amma Mainassara ya ji ta har cikin ƙashinsa.

Ya shafa wa sandar motar shuni, aka kwantar da ita, ya juya, aka ɗaga. Ya sunkuya shi kaɗai, bayansa ya kare sauran. Shunin ya kama kowane rami daga baki zuwa baki, sumul, irin kamun da shi bai taɓa samu ba ko a aikinsa mafi kyau. Ya daɗe a sunkuye. Ya hango kansa a garajin Magarya, direbobi na wuce shi suna zuwa wajen Ajimi, shi kuma da furfurarsa yana koyon ɗaya, biyu, uku. Sai ya sa babban yatsansa cikin ramin tsakiya, ya goge shunin gefe guda.

"Alhaji, zo ka gani. Na tsakiyar bai zauna ba."

Duk suka leƙa. Ga farin ƙarfe nan inda ya kamata a ga shuni. Bafaranshen ya yi ja, ya rantse injinsa bai taɓa kuskure ba, ya juya kan Ajimi da faɗa, wai shi ne bai saita daidai ba.

"Mushe, na auna sau biyu," in ji Ajimi, don da haka ake kiran maigida Bafaranshe. Ya juyo wajen Mainassara. "Malam, don Allah a sake shafawa a gwada. Ƙila shunin ne bai game ba."

"Na duba," in ji Mainassara, idonsa na kan jakarsa. "Shekara ashirin ina wannan aiki."

Alhaji ya gyara rawaninsa. "Yatsan Mainassara ba ya ƙarya. Ko injin ne, ko mai injin, ni dai na fasa. A ɗora mana kayanmu."

Suna fita suna jin Bafaranshen na ta ihu. Ajimi ne ya taya su ɗora gangar a mota, ya ɗaure ta da igiya da kyau, ya yi musu Allah ya kiyaye hanya. Bayan kwana biyu wani direba ya kawo labari cewa an sallame shi tun a ranar.

A Magarya Alhaji ya ce, "To, sai ka gyara ɓarnar da suka yi." Mainassara ya shige da gangar can ƙuryar garaji. Kwana uku yana zaune gabanta da makankari a hannu, in ya ji tafiyar mutum sai ya sunkuya kamar mai aiki. Ko ƙwayar ƙarfe bai taɓa ba. Rana ta huɗu ya haɗa injin ya tada. Jar motar nan ta yi shekara tara tana zirga-zirga tsakanin Magarya da Kano ba a sake buɗe cikinta ba. A tasha direbobi kan nuna ta su ce, "Ka ga aikin hannun Mainassara, bayan injin Bature ya kasa." Duk sanda aka faɗi haka a gabansa, sai ya ce yana da aiki, ya tashi.

Matarsa Kyauta, mutuniyar Dogo-Dogo, ita ta fara lura. Wata rana da ta kai masa fura garaji, ta tarar bai taɓa ta jiya ba.

"Malam, tun da ka dawo daga Damagaram ba ka cin abinci. Me ka baro a can?"

Ya gaya mata duka. Ta ce, "Injin dai ƙarfe ne, ba shi da haƙƙi a kanka. Amma mutumin nan yana da iyali. Ka je ka gaya wa Alhaji yau."

Bai je ranar ba. Ya ce sai bayan kasuwa, sannan ya ce sai bayan salla. Damina ta zo ta wuce. Sai da aka fara sayen sabuwar gyaɗa ya sami Alhaji a zaurensa bayan sallar Juma'a, ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Da ka ce mini tsoro kake ji, da na gaya maka ba wanda zai zauna a wurinka muddin ina raye. Ni don in hutar da idonka na so injin nan." Ya aika Damagaram washegari, amma Bafaranshen ya tafi tun tuni, injin kuma wani ɗan kasuwa ya saye shi ya ƙetara da shi Nijeriya. Alhaji bai kore shi ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Sai dai daga ranar, in zai sayi wani abu na garaji, shi kaɗai yake tafiya.

Motoci suka ƙaru, masu su kuma ba su iya jiran kwana huɗu a tsakiyar kakar gyaɗa. Sannu a hankali aikin ramuka ya koma tsallaken iyaka, inda ake yin sa cikin yini guda. Mainassara ya rage da faci da ƙananan gyare-gyare.

Duk direban da zai yi gabas sai ya tambaye shi labarin Ajimi. An ce an gan shi a Gure, an ce ya bar can. Ana gab da samun mulkin kai wani direba mai suna Habu ya ce ya same shi a Nguru, yana tsaron injin niƙa a bakin kasuwa, domin masu garaji sun ji cewa ya taɓa ɓata aiki a gaban mai saye. Mainassara ya zaunar da Habu, ya gaya masa gaskiyar maganar, ya roƙe shi ya kai ta yadda take, kada ya rage komai.

Bayan wata guda Habu ya dawo.

"Na gaya masa. Ya kashe injin niƙan ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ai tun ranar ya sani, don ya yarda da awonsa. Ya ce a gaishe ka."

"Ya ce ya yafe?"

"Bai ce ba, Baba. Mata na jira da hatsinsu, sai ya tada injinsa."

Mainassara ya ce zai je Nguru da ƙafarsa. Kyauta ta wanke masa riga har sau biyu don tafiyar. Karo na farko ruwa ya yanke hanya, karo na biyu shi ne ya je tasha, ya tsaya har motar ta cika, ya dawo gida. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, a Magarya aka binne shi, bai je ba.